MAN GAS NA TSIRO: YADDA ZAFI DA SANYI DA MATSI KE SAUYA HALINSA

Wannan shi ne jawabin da wani jami'in watsa labarai na Gwamnatin Tarayya ya yi ga masu injinan niƙa da direbobi da makanikai da ɗalibai a Gwallameji, cikin garin Bauchi. An buga shi don amfanin jama'ar ƙasa baki ɗaya.



Ba banza aka zaɓi Gwallameji don yin wannan magana ba. A nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya take, wadda aka kafa a 1979, ga kuma harabar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa can Yalwa, ba nisa. Watau dai a unguwa guda an haɗa mutum biyu masu bukatar juna: ɗalibin da ya koyi harhaɗa man inji daga man tsiro a ɗakin gwaji, da mai injin niƙa ko mai janareton rijiyar burtsatse wanda tsadar man gas ta dame shi. Kowa ya san a cikin 2022 kaɗai kuɗin litar man gas, watau dizal, ya ninka fiye da sau biyu. Don haka ba abin mamaki ba ne in an ji mutane suna tambaya ko man gyaɗa, ko na darbejiya, ko na bini-da-zugu zai iya tayar da inji.

Amsa ita ce zai iya, kuma ba yau aka fara ba. A babban baje-kolin birnin Faris na 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa. A 1937 wani masani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Chavanne ya yi rajistar dabarar sarrafa manja ya zama man inji, a shekara ta gaba kuwa aka gwada shi a wata motar safa. A nan gida, Gwamnatin Tarayya ta fitar da tsarinta game da man tsiro a 2007, inda aka yi niyyar a riƙa gauraya kashi 20 na man tsiro cikin kashi 80 na man gas. Gaskiya ita ce wannan niyya ba ta kai ga gidajen mai yadda aka so ba. Amma wasu ƙasashe sun yi nisa: a Turai man gas na gidan mai yana ɗauke da har kashi 7 cikin ɗari na man tsiro, Indunisiya kuwa, mai arzikin kwakwar manja, ta kai kashi 40 a 2025.

Abin da ya kawo ni yau abu guda ne. Mai ba ya da hali ɗaya. Yadda ka gan shi cikin kwalba da tsakar rana, garau yana ƙyalli, ba haka yake da asubar hunturu ba, ba kuma haka yake cikin famfon inji ba sa'ad da aka matse shi. Wanda ya yaba mai don ya gan shi cikin kwalba, bai ga kome ba tukuna.

Bari mu fara da yadda inji ke cin mansa. Injin dizal ba shi da fulogi irin na injin fetur. Fistin ne ke matse iska cikin silinda, ya ƙuntata ta wajen ninki 16 zuwa 20, har ta yi zafi fiye da digiri 500 a ma'aunin Santigireti. Daidai wannan lokaci sai famfo ya tunkuɗo mai ta nozal, mai ƙofofi ƙanana waɗanda ba su fi kaurin gashi biyu ko uku ba, man ya fito kamar hazo, ya kama da wuta da kansa. Duk wannan a cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. In man ya yi kauri, ba zai watsu ya zama hazo ba, sai ya fito ɗigo-ɗigo, ya ƙi ƙonewa sosai. Abin da bai ƙone ba ya zama gawayi a bakin nozal, ya maƙale zoben fistin, saura kuma ya zurara cikin baƙin mai ya ɓata shi.

Masana suna da awon kaurin mai. Don sauƙin fahimta, ku ɗauka kaurin ruwan sha na randa 1 ne. A zafin digiri 40, man gas yana tsakanin 2 da 4 da rabi. Man gyaɗa ɗanye, kamar yadda ya fito daga wajen masu ƙuli-ƙuli, yana wajen 40, watau ninki goma ke nan. Man zurma kuwa ya wuce 200. Wannan shi ya sa wanda ya zuba ɗanyen mai cikin tanki zai ga inji ya tashi, ya yi murna, bayan 'yan makonni ya kira makanike. Ko an ɗumama ɗanyen man har digiri 80, bai sauko inda man gas yake ba.

Maganin kaurin shi ne sarrafawa. Akan haɗa man da wani ruwa mai suna metanol, a sa 'yar soda irin ta sabulu, a ɗumama wajen digiri 55 zuwa 60 ana motsawa. In an bar shi ya kwanta sai ya rabu biyu: gilisarin mai nauyi a ƙasa, man inji a sama. Kilo 100 na mai da wajen kilo 11 na metanol da ya shiga jikinsa sukan ba da kimanin kilo 100 na man inji da kilo 10 na gilisarin. Wannan na sama shi Turawa ke kira bayodizal, mu kuwa muka fassara shi da man gas na tsiro. Kaurinsa yakan sauko zuwa 4 ko 5. Ƙa'idar Turai ta ce kada ya gaza 3 da rabi, kada kuma ya wuce 5. Ta Amurka ta yarda har 6. Zurma ce kaɗai ke da taurin kai, don ko an sarrafa ta kaurin yana nan wajen 14, saboda haka ba ta shiga tanki ita kaɗai.

To, amma ku lura, duk waɗannan alƙaluma a digiri 40 aka auna su. Wa ya ce tankinka yana digiri 40 da ƙarfe shida na safe a watan Janairu?

A nan ne maganar take, kuma a nan zan ɗan daɗe. Kowace uwargida ta san man shanu da man kaɗe sukan daskare da hunturu, manja ya yi gudaji a gindin kwalba, man riɗi kuwa yana nan ruwa abinsa. Dalili shi ne, abin da muke kira mai ba abu ɗaya ba ne, taron dangi ne, kowane da halinsa. Bayan an sarrafa shi ma dangin nan suna nan. Akwai guda huɗu da ya kamata ku san sunansu, ko da yake sunayen na masana ne. Na farko famitik, wanda in an ware shi shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 30. Na biyu sitiyarik, shi sai digiri 39, watau ko a cikin ɗaki da bazara ƙanƙara ne kamar kyandir. Na uku oleyik, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da inda ruwa ke ƙanƙara. Na huɗu linoleyik, shi ya fi haka ma jurewa. Na biyun farko miƙaƙƙu ne kamar karan dawa, suna jeruwa su manne da juna cikin sauƙi. Na biyun ƙarshe suna da lanƙwasa a jikinsu, don haka ba sa jeruwa.

Muddin da ɗumi, masu daskarewar suna narke cikin 'yan'uwansu kamar sukari cikin shayi. Da sanyi ya sauko sai su fara fita, ka ga man ya yi gajimare. Waɗannan 'yan ƙwayoyin kakin su ne ke toshe filta. Inji ya tashi, ya yi minti biyu, ya shaƙe ya mutu, alhali kuwa tanki cike yake.

Yanzu sai mu duba namu mayukan. Manja kusan kashi 44 cikin ɗari nasa famitik ne, don haka man gas da aka yi da shi yakan fara gajimare tsakanin digiri 13 da 16. A Indunisiya wannan ba damuwa ba ce ƙwarai, domin ba su san hunturu ba. A Bauchi kuwa, da asubar Disamba da Janairu sanyi yakan sauko wajen digiri 13, wani lokaci ƙasa da haka. Kun ga an yi karo ke nan. Balle direban da ya sha mai a nan ya je ya kwana a Jos.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne gyaɗa. Mutum zai zaci tun da yawancin man gyaɗa oleyik ne da linoleyik, ai ba ruwansa da sanyi. Ba haka ba ne. A cikinsa akwai wasu dogayen dangi guda uku waɗanda duk a haɗe ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba, amma ɗayansu ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 50. Su ne ke fara fita, har man gas na gyaɗa ya yi gajimare a wajen digiri 17 ko sama, watau ya riga na manja. 'Yan kaɗan ne suka ɓata wa sauran suna. Ni dai a ganina gyaɗa ba ta tanki ba ce ko kusa. Litar man gyaɗa ta fi litar man gas tsada, kuma ƙasar da ke neman man miya ba ta da dalilin ƙona shi a inji.

Bini-da-zugu, wanda kakanninmu ke shinge da shi, kuma dabba ba ta ci saboda gubarsa, ya fi dacewa da sanyinmu. Wajen kashi uku cikin huɗu nasa masu lanƙwasar nan ne, saboda haka ba ya gajimare sai sanyi ya sauko ƙasa da digiri 10. Sai dai kada a ruɗe ku da zancen da aka yi ta yaɗawa wajen 2007 da 2008, wai yana ba da 'ya'ya da yawa ko a kan fako ba ruwa ba taki. Manyan gonakin da aka buɗe a Afirka da Indiya bisa wannan zato da yawa sun durƙushe. Zai rayu a fako, amma ba zai cika buhu ba. A matsayin shinge dai, wanda ake tsinke 'ya'yansa ba tare da ya ci gonar hatsi ba, yana da amfani.

Kada kuma ku ce to shi ke nan, a nemi mai lanƙwasa kawai. Abin da ya ba shi juriyar sanyi shi ne ya hana shi juriyar zafi. A daidai lanƙwasar nan iska ke kama shi, ya yi tsami, ya yi danƙo, kamar yadda man suya ke yin warin daɗewa. Zafin Maris da Afrilu, da ya kan kai digiri 40 a nan, yana hanzarta wannan lalacewa. Haka hasken rana, haka kuma tagulla da jan ƙarfe da durom mai shafen tutiya. Don haka ba a ajiye man gas na tsiro fiye da wata shida, kuma a inuwa, cikin mazubi rufaffe, don yana shan raɓa fiye da man gas na ƙasa.

Zafi yana kuma taɓa aljihu ta wata hanya. Mai yana kumbura da zafi. Durom mai lita 200, in ya tashi daga digiri 15 zuwa 40, yakan ƙaru da wajen lita 4. Ba man ne ya ƙaru ba, buɗewa ya yi. Shi ya sa a cinikin mai na duniya ake mayar da awo kan digiri 15, shi ya sa kuma ba a cika durom fal da safe a bar shi a rana. Lita guda ta man gas na tsiro ta fi ta man gas nauyi kaɗan, wajen giram 880 a kan 835, amma ƙarfinta bai kai ba, domin kusan kashi 11 cikin ɗari na nauyinta iskar oksijin ce wadda ba ta ba da zafi. Mai injin niƙa zai ga lita 10 ta yi masa aikin da lita 9 da ɗoriya ta man gas ke yi. A sa wannan cikin lissafi kafin a ce an sami araha.

Sai maganar matsi, wadda ido ba ya gani. Ku ɗauki iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ta zama mudunmu. A tsohon injin niƙa ko tsohuwar tarakta, irin waɗanda kamfanin Steyr ya harhaɗa a nan Bauchi, nozal ba ya buɗewa sai matsi ya kai wajen ninki 100 na iskar taya. A sababbin motoci da janaretoci masu aiki da kwamfuta, matsin yakan kai ninki 800 ko fiye. Mun saba cewa ruwa ba ya matsuwa, to a irin wannan wuri yana matsuwa. In matsi ya kai rabin wancan na sabon inji, man yakan ƙanƙance da wajen kashi 5 cikin ɗari, kaurinsa kuwa ya ninka sau biyu zuwa uku. Har wa yau matsi yana taimakon daskarewa, don yana tura dangin nan su jeru. A irin wannan matsi inda mai ke daskarewa yakan hau da wajen digiri 20. Watau man da ke gab da gajimare a tanki da asuba, kafin inji ya ɗumama, yana cikin haɗari ninki biyu. Sabon inji kuwa ba ya yafiya. Tsohon injin niƙa zai yi tari ya ci gaba. Famfon sabon inji in ya lalace, kuɗin gyaransa ya fi duk abin da aka yi tsimi a shekara.

Akwai wani abu kuma da makanikai za su so ji. Man gas na tsiro ya fi man gas na ƙasa taurin matsuwa. Saboda haka a tsohon inji, da famfo ya tunkuɗa, bugun yakan isa nozal da wuri, man ya shiga silinda kafin lokacin da aka saita masa da wajen digiri ɗaya na juyin inji. Wannan na cikin dalilan da suka sa wani nau'in iska mai cutar da huhu ke ɗan ƙaruwa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta tattara gwaje-gwaje a 2002, ta ga cewa da man tsiro zalla wannan iska takan ƙaru da wajen kashi 10 cikin ɗari, amma baƙin hayaƙi ya ragu da kusan rabi. Ga matan da ke tsayawa layi a ɗakin niƙa, raguwar hayaƙin nan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu ga gargaɗi, musamman ga ɗalibai da masu son gwadawa a gida. Man gas na tsiro mai kyau ya fi man gas aminci wajen gobara, don tururinsa ba ya kama wuta sai zafi ya wuce digiri 100, sau da yawa ma wajen 170, alhali na man gas wajen 55 ne zuwa sama. Amma fa sai in an fitar da ragowar metanol. In kashi 1 tak cikin ɗari ya saura, wannan iyaka takan faɗo ƙasa da digiri 40, watau zafin ɗakin kwano da azahar a watan Afrilu. Shi kansa metanol guba ne, ɗan kaɗan yana makantarwa, in ya ɗan fi haka ya kashe, kuma yana shiga ta fata da numfashi. Wutarsa da rana kusan ba a ganinta. Ba a yin wannan aiki a ɗakin kwana, ko a tukunyar girki, ko kusa da murhu, ko inda yara ke wasa.

Na san wasu suna da ido kan man suyar da masu ƙosai da masa da awara ke zubarwa a bakin titin nan. Tunani ne mai kyau, ya kuma fi a yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi. Sai dai irin wannan mai yana da tsami da ruwa a ciki, haka ma man darbejiya da na bini-da-zugun da ya daɗe a ajiye. In aka zuba musu soda kai tsaye, sabulu za a samu. Dole a tace, a ƙafe ruwan, a auna tsamin tukuna. Wannan aikin ɗakin gwaji ne, kuma ga ɗakunan gwaji nan kusa da ku.

Wanda aka kawo wa irin wannan mai ya saya, akwai abin da zai iya yi da kansa ba tare da na'ura ba. Ya cika kwalba fara ya bar ta a waje ta kwana, ya duba ta kafin fitowar rana, ba da hantsi ba. In da gajimare ko wani abu kwance a gindi, kada ya zuba. Ya sami gwangwani ya huda gindinsa da ƙusa, ya ƙirga lokacin da man gas ke ɗauka ya tsiyaye, sa'an nan ya gwada sabon man a sa'a guda, a wuri guda. In ya ninka lokacin fiye da sau biyu, ba a gama sarrafa shi ba. Ya kuma haɗa shi da ruwa rabi da rabi ya girgiza: mai kyau zai rabu cikin rabin sa'a, mai sabulu zai tsaya fari kamar nono.

In ya ci waɗannan, a fara da kaɗan, lita 1 cikin lita 19 na man gas, a ga yadda inji zai yi. Da bazara da damina ana iya kaiwa 1 cikin 5 a tsohon inji, da hunturu a koma baya. Mai sabon inji ya duba takardar kamfanin da ya ƙera shi, kada ya wuce abin da aka rubuta. A sa ran filta za ta toshe da wuri a makonnin farko, don man tsiro yana wanke tsohuwar dauɗar tanki ya turo ta gaba, saboda haka a tanadi wata. A riƙa duba tiyon roba kuma, domin tsohuwar roba takan kumbura ta yi laushi. Ga baƙin mai, a canja shi da wuri fiye da yadda aka saba.

Ku malamai da ɗalibai, ina da roƙo. Yawancin alƙaluman da na kawo muku an auna su ne da waken soya da manja da irin mayukan Turai. Darbejiya tana ko'ina a Arewa, ga aduwa, ga angurya, kowannensu da irin dangin da ke cikinsa, kuma yakan bambanta daga wannan ƙasa zuwa waccan. In za a rubuta rahoton gwaji, kada a tsaya kan awon digiri 40 kaɗai don shi ƙa'ida ta nema. A auna a digiri 10, da 15, da 25, da 60, a rubuta inda gajimare ya fara, a ajiye kwalba wata uku a ɗakin kwano a sake aunawa, sa'an nan a fassara sakamakon da Hausa a kai wa ƙungiyar masu niƙa.

Ga kwalabe huɗu nan a kan tebur, an sa su cikin ruwan sanyi tun ɗazu. Duk mai so ya matso ya ɗaga su ya duba, sa'an nan mu shiga tambayoyi.